Faiba ta ƙungiyar lantarki, Starlink ko akwatin 5G: wanne ya dace da mazaunin karkarar Amurka?

Ranar wata Lahadi da yamma ƙanena ya bugo mini waya daga wani ƙaramin gari a jihar Missouri. Likita ne, bai fi wata biyu da tarewa can ba, a ƙarƙashin shirin Conrad 30 da ke ba likitocin ƙasashen waje damar zama a Amurka bayan sun gama horo, da sharaɗin su yi shekara uku suna aiki inda ake ƙarancin likitoci. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, wata takarda na gani a cikin ambulan ɗin bil ɗin wuta. Wai kamfanin wutar ne yake tambaya ko ina son intanet mai sauri. Me ya haɗa masu wuta da intanet? Ni fa har na kusa yin odar Starlink."

Na ce masa ya dakata da odar Starlink ɗin, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, takardar kuma ya adana ta. Abin da na shafe kusan awa guda ina yi masa bayani shi ne nake son rubutawa a nan, domin mutanenmu suna ƙara yawa a ƙananan garuruwan nan da ba a jin sunansu: likitoci, ma'aikatan jinya, malaman ƙananan jami'o'i, masu aiki a kamfanonin sarrafa kaji, direbobin manyan motoci. Ni kaina a karkarar arewacin Mississippi nake zaune, na kuma yi amfani da hanyoyin ukun nan ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren farko yana cikin kalmar "kamfani". Mu da muka taso muna kiran duk mai kawo wuta NEPA, ko Nigelec ga 'yan'uwanmu na Nijar, mun saba da cewa mai wuta daban, mai biya daban. A karkarar Amurka sau da yawa ba haka abin yake ba. Wanda ke kawo maka wuta ƙungiyar gama-kai ce, mallakar mutanen da suke biyan bil. Ranar da ka buɗe asusun mita da sunanka, ka biya 'yan dalolin shiga, ka zama mamba, kana da ƙuri'a ɗaya daidai da ta mai gonar eka dubu. Asalin abin ya koma shekarun 1930, lokacin da gida tara cikin goma a birane ke da wuta, a karkara kuwa gida tara cikin goma suna kwana da fitilar kananzir. Kamfanoni sun ƙi jan waya zuwa gonaki saboda gidajen sun yi nisa da juna, ba riba. A 1934 manoman gundumar Alcorn a Corinth, nan Mississippi, suka kafa ƙungiyarsu da taimakon TVA, hukumar gwamnatin tarayya da ke samar da wuta a yankin kogin Tennessee. A 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar samar da wuta a karkara, REA, a 1936 majalisa ta yi dokar da ta ba ta ikon ba da rance mai sauƙi. Zuwa 1953 fiye da kashi 90 cikin 100 na gonakin ƙasar sun samu wuta. Yau ƙungiyoyin sun kai kusan 900, suna kai wuta ga mutum miliyan 42 a jihohi 48, kuma yankunansu sun mamaye kashi 56 cikin 100 na faɗin ƙasar.

Lissafin da ya hana kamfanoni kai wuta a wancan zamani shi ne ya hana su kai intanet a wannan. Ƙungiyoyin suna da kimanin masu mita 8 a kowane mil na waya, sauran masu rarraba wuta kuwa kimanin 32. Wanda zai kashe kuɗin jan kebul mil guda saboda gida takwas, alhali yana da masu hannun jari da ke jiran riba, ba zai yi ba. Ƙungiya kuwa tana da falwayoyi a tsaye, tana da izinin bi ta gonakin mutane, tana da motoci da ma'aikatan hawa, kuma ta saba da bashin da ake biya cikin shekara ashirin ko talatin. Ita ma tana buƙatar faiba, wato kebul ɗin intanet na zaren gilashi, don haɗa tashoshinta na rarraba wuta, ta riƙa sanin inda layi ya faɗi kafin a kira ta. Shi ya sa fiye da ƙungiyoyi 200 suka shiga harkar intanet. Wadda aka fi ba da labarinta tana jihar da ƙanena yake: Co-Mo Electric da ke Tipton, wadda ta nemi tallafin gwamnatin tarayya ba ta samu ba, sai ta fara gwaji a farkon shekarun 2010, ta nemi masu so su ajiye dala 100 kafin alƙalami, daga nan ta ci gaba har ta game yankinta. A Mississippi sai da aka canza doka a Janairun 2019 kafin ƙungiyoyi su samu izinin sayar da intanet, sannan a 2020 jihar ta ware musu dala miliyan 65 daga kuɗin tallafin korona, su ma suka zuba nasu. Daga nan aka samu irin su Tombigbee Fiber a yankin Tupelo da ACE Fiber a Corinth.

Wannan ya kawo mu ga takardar cikin ambulan. Ba talla ba ce irin ta shagunan kaya. Kafin shugabannin ƙungiya su ci bashin miliyoyin daloli, sai sun san gida nawa ne za su karɓa. Ana raba yankin kashi-kashi, galibi bisa tashoshin rarraba wuta da layukan da suka fito daga cikinsu, kuma a ƙungiyoyi da yawa yankin da ya fi yawan masu nuna sha'awa shi ake fara yi wa aiki. Saboda haka sa hannunka yana da nauyi a zahiri. A mafi yawan wurare cike takardar ba ya ɗaure ka da komai, amma ka karanta ƙasanta, ka ga ko nuna sha'awa ce kawai ko yarjejeniya ce mai kafin alƙalami, in kuwa akwai kuɗi, ka tambaya ko ana mayarwa idan aikin bai iso ba. Shawarata a kan wannan ba ta da kwana-kwana: ka cike, ko da Starlink za ka saya gobe. Ka kuma yi wa maƙwabcinka magana ya cike tasa.

Yanzu ga kwatancin, zan fara da faibar domin a kanta na fi daɗewa.

Faiba zare ne na gilashi, sirantarsa kamar gashin kai, saƙo yana bi ta cikinsa da haske. Ana rataye kebul ɗin a falwaya ƙasa da wayoyin wuta, a jawo reshe zuwa gidanka, a kafa ɗan akwati a bango, a haɗa shi da rauta. Babban abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ƙarfin ɗorawa yakan yi daidai da na saukewa. In ka sayi megabit 300, to 300 ne zuwa, 300 ne dawowa. Mutane da yawa lambar saukewa kawai suke kallo domin ita ake rubutawa da manyan baƙaƙe, amma wanda ke kiran bidiyo, ko likitan da ke duba mara lafiya ta kwamfuta, ko ɗalibar da ke tura aikinta makaranta, ko mai aika bidiyon suna zuwa gida, ɗorawa ce take riƙe da shi. Hukumar sadarwa ta FCC ta san da haka, shi ya sa a Maris 2024 ta ɗaga ma'aunin abin da za a kira intanet mai sauri daga 25 da 3 zuwa megabit 100 na saukewa da 20 na ɗorawa. Faiba tana wuce wannan ma'auni ba tare da wahala ba. Ruwan sama ba ya taɓa ta, ganyen bishiya ba ya tare ta, ƙarfe takwas na dare da kowa ke kallon fim ba ta cika sassautawa ba, kuma yawancin ƙungiyoyin ba sa sa iyakar data. Farashi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma galibi yana tsakanin dala 50 da 100 a wata, gwargwadon ƙarfin da ka zaɓa.

A nan zan ba da shawarar da mai sayarwa ba lallai ya ba ka ba: kada ka yi saurin sayen gigabit, wato megabit dubu. Kiran bidiyo mai kyau a Zoom bai cin megabit 4, fim mafi tsabtar hoto a Netflix kimanin 15 yake so. Gida mai mutum biyar ko shida, kowa da wayarsa, ƙaramin tsari ya ishe shi. In daga baya ka ga bai isa ba, kira ɗaya ne su ƙara maka, ba sai an sake jan waya ba.

Aibin faiba na farko jira ne, kuma jira mai tsawo. Ni daga ranar da na cike takarda zuwa ranar da aka kunna akwatin bangona, an yi kusan shekara biyu. Sai da aka zana taswirar aiki, aka zo aka auna falwayoyi ɗaya bayan ɗaya, aka canza waɗanda suka yi gajarta ko suka ruɓe, aka rataye babban kebul. Wata shida ina wucewa ina ganin baƙar wayar a kan hanyarmu, an naɗe rararta a jikin falwayar da ke bakin ƙofata, amma babu intanet, domin masu haɗa zaren ba su iso ba. Sau biyu aka ba ni lokaci aka ɗaga. Abin ya ƙona mini rai sosai, don a lokacin yarana suna karatu daga gida. Duk wanda ya ce maka "faiba tana zuwa" ka tambaye shi yankinka yana mataki na nawa: zane, gyaran falwaya, rataye kebul, haɗa zare, ko jawo reshe zuwa gidaje. Amsar ita za ta gaya maka ko makonni suka rage ko shekaru.

Aibi na biyu shi ne tana rataye a falwayar da wuta take. Guguwa ko ruwan ƙanƙara in ya karya reshe ya faɗo kan layi, duka biyun suke tafiya, kuma ƙa'ida ita ce a fara gyara wuta, sai an tsayar da falwaya an ɗaure wayoyi sannan masu faiba su hau. In kuwa wutar ce kawai ta ɗauke kebul bai tsinke ba, ɗan batirin ajiya ya isa ya riƙe akwatin bango da rauta na wasu awoyi, don ba su da cin wuta.

Starlink ba baƙo ba ne ga mai karatu, tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya. Taurarinsa suna yawo kimanin kilomita 500 sama da ƙasa, shi ya sa jinkirinsa kaɗan ne, tsakanin kashi 25 zuwa 60 cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya isa a yi hira ta bidiyo ba tare da ana katse juna ba. Babbar falalarsa ita ce ba ya jiran kowa. Ka yi oda, kwali ya iso, ka kafa dish, ka jona, cikin rabin awa kana kan intanet, ko da gidanka yana ƙarshen hanyar da ba kwalta. In ka tashi ka ɗauki abinka, ka canza adireshi, muddin sabon wurin akwai gurbi. Bayan guguwar Helene a Satumban 2024, lokacin da falwayoyi da hanyoyi suka tafi a tsaunukan yammacin North Carolina, da Starlink da janareto mutane da yawa suka sanar da danginsu suna raye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma faiba ba za ta iya shi ba.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata a auna. Na ɗaya sararin sama. Dish ɗin yana son ya ga sama a buɗe, ba reshe ba rufi. Manhajarsu tana da wurin da za ka ɗaga kyamarar waya ka zagaya da ita, ta nuna maka inda aka tare. Ka yi wannan kafin ka biya ko sisi. Gidana dogayen bishiyoyin fain ne suka kewaye shi, na zagaya tsakar gida da waya a sama, kusurwa ɗaya kawai na samu, can bayan rumfar mota, ita ma sai da aka kafa dogon ƙarfe. Reshe ɗaya da ya shiga hanya yana iya jawo yankewar daƙiƙa biyu ko uku lokaci-lokaci. Mai kallon fim ba zai lura ba, amma mai magana da mara lafiya ko mai shiga kwamfutar wurin aiki daga gida zai ji a jikinsa. Na biyu ɗorawa: saukewa yakan wuce megabit 100, amma ɗorawa sau da yawa tana tsakanin 10 da 20, wani lokaci ƙasa da haka, kuma da yake duk masu dish a yanki ɗaya suna raba ƙarfi ɗaya ne, da daddare yakan ragu. A wuraren da suka cika, kamfanin yakan ƙara wani kuɗi na musamman ga sabon mai shiga. Na uku wuta. Dish na gida yana cin wat 75 zuwa 100, dare da rana. A wata ya kama kilowat-awa 55 zuwa 70, wato in ana sayar maka da kowane kilowat-awa santi 13, kusan dala 7 zuwa 9 ne ke ƙaruwa a bil ɗinka, kuma ƙaramin batiri ba zai riƙe shi ya daɗe ba.

Hanya ta uku akwatin 5G na gida, irin na T-Mobile da Verizon. Shi ya fi sauƙi duka: akwati ne kamar gwangwanin madara babba, ka ajiye kusa da taga, ka jona, yana kama sabis daga ƙarfen sabis na wayar salula. Ba huda bango, ba hawa rufi, ba sayen kaya, kuma farashinsa yakan kama dala 50 zuwa 70 a wata, ya ragu in kana da layin waya a wurinsu. Ga ɗan haya wannan babbar magana ce. Amma komai ya dogara da inda gidanka yake. Wanda ke hango ƙarfen sabis daga barandarsa zai iya samun megabit ɗari biyu ko uku, wanda tudu ko kurmi ya raba shi da ƙarfen, mil ɗaya kacal a gaba, zai iya samun goma. Sannan a rubuce yake cikin sharuɗɗan T-Mobile cewa in layi ya cunkushe, masu wayar hannu ake fara ba hanya kafin masu akwatin gida. Ba kowane adireshi suke karɓa ba ma, domin suna ƙayyade yawan gidajen da kowane ƙarfe zai ɗauka. Da irin wannan akwati na yi zaman jiran faiba. Da safe lafiya lau. Da yamma, musamman daren Juma'a in ana wasan ƙwallo a makarantar sakandaren garin jama'a sun taru, sai ya koma rarrafe. Duk da haka ya fitar da ni kunya, da hanau gara mannau.

Tsofaffin hanyoyi biyu ba zan ɓata musu lokaci ba. Tauraron HughesNet da na Viasat suna can kilomita 35,786, saƙo ya je ya dawo sau biyu, haske kansa sai ya ci kusan rabin daƙiƙa, don haka hira ta bidiyo takan zama kowa yana jiran kowa. DSL na tsohuwar wayar tarho kuwa ƙarfinsa yana raguwa da nisa, kuma manyan kamfanoni suna janye jiki daga gare shi. In ɗaya daga cikin ukun farko yana samuwa, ka wuce waɗannan.

Mu yi lissafin kuɗi a kan shekara uku, wa'adin ƙanena. A farkon 2025 tsarin Starlink na gida dala 120 ne a wata, kayan kuma 349. Wata 36 ya kama 4,320, da kaya 4,669, ban sa wutar da yake ci da ƙarfen kafawa ba. Faiba a dala 60 ta kama 2,160. Akwatin 5G a dala 50 ya kama 1,800. Starlink ya fito da tsare-tsare masu rahusa tun daga lokacin, a wasu yankuna har da rangwamen kaya, saboda haka ka sa adireshinka ka ga farashin yau. Tun 2024 doka ta wajabta wa kowane mai sayar da intanet ya nuna wata takardar bayani mai kama da ta jikin kwalin abinci, da farashi na gaskiya, da ƙarin kuɗaɗe, da saurin da aka saba samu, da iyakar data. Ka nemi ta kowannensu ka jera su a tebur. Ka kuma sani cewa tallafin gwamnati na biyan kuɗin intanet, ACP, na dala 30 a wata, wanda gidaje miliyan 23 suka ci moriyarsa, ya ƙare a tsakiyar 2024. Wanda ya rage shi ne Lifeline na dala 9.25 ga masu ƙaramin ƙarfi.

Akwai abin da ba ya shiga wannan lissafi, shi ne wa za ka kira in abu ya lalace. Da Starlink, ta manhaja za ka shigar da ƙorafi ka jira, in kaya ne ya mutu a aiko maka da wani ta gidan waya. Da ƙungiya, ofis ne a garinku ko garin da ke kusa, mai ƙofa da kanta da mutum a zaune. Wanda ya zo ya kafa mini akwati, 'yarsa ajinsu ɗaya da ɗana. A ofishin nan ne kuma ake sauran hidimomin mamba da baƙi da yawa ba su san da su ba: tsarin daidaita bil yadda kuɗin watan zafi da na sanyi ba za su yi tsalle ba, mita mai kati ga wanda ba ya son ajiye kuɗin jingina, duba gida don gano inda wuta ke zurarewa, rajistar gidan da ke da mara lafiya mai amfani da na'ura, da tallafin karatu ga 'ya'yan mambobi. Akwai ma shirin cike bil zuwa dala cikakkiya a tara canjin don taimakon mabuƙata, wanda ƙungiyar Palmetto ta South Carolina ta fara a 1989 ya bazu ko'ina. In ka je tambayar faiba, ka tambayi waɗannan gaba ɗaya.

Kada kuma a ɗauka komai na ƙungiya zuma ne. Mutane suna jin cewa ƙungiyoyi suna mayar wa mambobi rarar kuɗi, gaskiya ne, jimillar abin da suke mayarwa ya wuce dala biliyan ɗaya a shekara. Amma rarar ta ɓangaren wuta ce, takan ɗauki shekaru kafin a biya, kuma ƙungiyoyin da ke sayen wuta daga TVA, irin namu na arewacin Mississippi, galibi ba sa raba ta a hannu, ana mayar da ita cikin aiki ne. Intanet ɗin kuma yawanci wani reshen kamfani ne ƙungiyar take kafawa ya gudanar da shi, don haka kada ka sa ran cek daga kuɗin faiba. Sannan bashin da aka ci na gaske ne, in aikin bai samu masu saye ba, ƙungiyarku ce za ta ji nauyin. Dokar Mississippi ta hana a ɗauki kuɗin wuta a cike giɓin intanet, ta hana a tilasta wa mamba saye, ta kuma hana a yanke wa mutum wuta don bai biya kuɗin intanet ba. Ka tambaya ko jiharka tana da irin wannan kariya. Wurin yin tambayar shi ne taron shekara-shekara, inda ake zaɓen shugabanni. A yawancin ƙungiyoyi masu kaɗa ƙuri'a ba sa kai ɗaya cikin goma, abin da ke nufin mutum ashirin da suka zo da magana ɗaya ana jin su. Na halarci namu a ɗakin wasannin wata makaranta, aka ba ni katin ƙuri'a da lambar asusuna, ba wanda ya tambaye ni fasfo, na miƙe na tambayi yaushe za a iso hanyarmu, shugaban ya amsa mini a gaban kowa.

Ga ɗan haya akwai ƙarin abu biyu. In mitar da sunan mai gidan take, shi ne mamba, shi za ka roƙa ya cike takardar. In da sunanka take, kai ne mamba, amma jawo reshe da huda bango suna buƙatar izininsa a rubuce, haka ma kafa dish a rufi. Masu gida da yawa suna yarda da faiba cikin sauƙi tunda gidansu take ƙara wa daraja. Ka kuma tambayi tsawon reshen da ake jawowa kyauta, domin gidan da ya yi nisa da hanya ana iya cajin sa kuɗin ƙarin tafiya, kuma lokacin da ma'aikata suke unguwarku haɗawa takan zo kyauta ko da rahusa, bayan sun tashi ta yi tsada. In a ƙasa aka binne reshen, ka riƙe inda ya bi, kuma kafin ka haƙa rami don shuka ko shinge ka kira 811 su zo su sa alama.

Wani abu da nake yawan gaya wa mutanenmu: in kiran Hajiya a Kano ko Damagaram yana tsinkewa, ba kullum laifin ɓangarenka ba ne. Faiba a Missouri ba za ta gyara sabis ɗin unguwarsu ba. Ka gwada kiran wani a nan Amurka ta bidiyo, in ya tafi sumul, ka san ba sai ka ƙara kuɗi a naka ba.

To wanne za a ɗauka? In faibar ƙungiya ta riga ta iso hanyarka, ita za ka ɗauka, ƙaramin tsari, da ɗan batiri a gefe, ban ga dalilin biyan kusan ninki biyu don abin da bai kai ta ba. In tana tafe cikin shekara ɗaya ko biyu, ka cike takarda, ka fara gwada akwatin 5G tunda ba ka sayen komai kuma kana iya mayarwa, ka gwada shi da ƙarfe takwas na dare a ɗakin da za ka riƙa aiki, ba da hantsi ba. In bai yi ba, sai Starlink, shi ma yana da kwana 30 na gwaji, kuma ka guji duk rangwamen da zai ɗaure ka da wa'adin da ya wuce lokacin isowar faiba. In kuwa ƙungiyarku ba ta da niyyar shiga harkar, ko gidanka yana inda ba falwayar da za ta kai kwanan nan, Starlink ne abin dogaro, muddin samanka a buɗe take. Kafin duk wannan, ka sa adireshinka a taswirar intanet ta FCC ka ga waɗanda suka ce suna kaiwa gidanka. In ka ga an rubuta wani yana kaiwa alhali ka kira sun ce ba sa yi, akwai wurin ƙalubalanta a taswirar, kuma yana da amfani, domin da ita aka yi rabon dala biliyan 42.45 na BEAD, shirin kai intanet inda babu, da majalisa ta amince da shi a 2021, gidan da aka rubuta yana da intanet kuwa tallafi yakan tsallake shi.

Ƙanena ya je ofishin ƙungiyarsu ranar Talata bayan ya tashi daga asibiti. Suka buɗe masa taswira a kwamfuta, ya ga an gama rataye kebul a hanyarsu, haɗa zare ya rage. Ya cike takardar, mai gidan ya sa hannu a ta izini, ya karɓo akwatin 5G ya ajiye a tagar kicin, inda ya fi kama sabis, kafin su kira shi.